Kalmomin Addu'a da na Zuciya a Fassarorin Littafi Mai Tsarki na 1932 da 1979

An daɗe ana nazarin hanyoyin da kalmomin Larabci suka bi suka shigo Hausa. Greenberg ya taɓo batun a 1947, Hiskett ya faɗaɗa shi a 1965, malamanmu na gida kuma sun ɗora a kai. Amma akwai tafiya ta biyu da waɗansu daga cikin kalmomin nan suka yi, wadda ba a ba ta kulawar da ta kamata ba, wato tashinsu daga zauren malam zuwa cikin coci. Addu'a, da sujada, da tuba, da ruhu, da tawali'u, da lamiri, duk sun yi wannan ƙaura, kuma ba dukkansu ne suka isa masauki da kayan da suka taso da su ba. A wannan maƙala za a dubi yadda manyan fassarori biyu na Littafi Mai Tsarki, ta 1932 da ta 1979, suka sarrafa kalmomin da suka shafi addu'a da hali da abin da ke gudana a cikin mutum. Ba hukunci za a yanke a kan aƙida ba. Abin tambaya shi ne, shin kalmar da aka zaɓa ta ɗauki abin da aka aza mata, kuma me Bahaushe yake ji in an faɗe ta?

Tarihin aikin a taƙaice yake. J. F. Schön, wanda ya biyo ayarin binciken Kwara na 1841, shi ya fara, kuma Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila, ya taimaka masa ƙwarai. Linjilar Matiyu ta fito a 1857. Daga baya aikin ya dawo ƙasar Hausa kanta. Likita Walter Miller, wanda ke cikin ayarin da ya isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, ya zauna a Zariya daga 1905, kuma shi ne jigon aikin da ya kai ga fitowar cikakken littafin a 1932. G. P. Bargery, mai ƙamusun 1934, ya komo Kano a shekarun 1950 don aikin sabunta Sabon Alkawari, sa'an nan sabuwar fassara cikakkiya ta biyo baya a 1979. An yi waɗansu fassarorin bayan wannan, amma waɗannan biyu su ne suka gina abin da ake kira Hausar coci, wadda ake addu'a da ita daga Wusasa zuwa Jos, da Numan, da Garkida, da Kagoro, har Maraɗi da Galmi a Nijar. Galibin masu amfani da ita kuwa ba Hausa ce harshensu na farko ba. Wannan yana da muhimmanci, domin wanda ya fara jin kalma a coci, ma'anar coci ita ce ma'anarta a wurinsa, ba shi da wata da zai auna ta da ita.

Salla, addu'a da sujada

Larabawa Kirista suna kiran ibadarsu da kalmar nan da ta zama “salla” a Hausa, ba su ga wani aibu ba. Masu fassara na ƙasar Hausa sun kauce mata, kuma a ganina sun yi daidai. Kafin zuwansu salla ta riga ta zama sunan ibada mai lokuta ƙayyadaddu, da alwala, da alƙibla, da raka'o'i, har ta ba bukukuwan idi biyu sunanta. Da an ce Yesu ya hau dutse ya kwana yana salla, da mai sauraro ya ga hoton da ba shi ake nufi ba. Sai suka ɗauki “addu'a”.

To, amma an biya kuɗin wannan zaɓi. Addu'a a asalinta kira ne da roƙo. In Bahaushe ya ce “a yi mana addu'a”, akwai wata bukata da yake so a kai gaban Allah, ta lafiya, ko ta ruwan sama, ko ta gafara ga mamaci. Abin da Sabon Alkawari ke nufi kuwa ya fi haka faɗi. A 1 Timoti 2:1 kaɗai akwai kalmomin Girkanci huɗu a jere, ɗaya ta neman biyan bukata, ɗaya ta fuskantar Allah gaba ɗaya, ɗaya ta tsaya wa wani, ɗaya ta godiya. Hausa tana da roƙo, tana da godiya, amma ta biyun nan, wadda ita ce uwar sauran, ba ta da wata kalma sai addu'a, wadda ma'anarta ba ta yi nisa da roƙon da aka riga aka ambata ba. Matsalar ta fi fitowa a 1 Tasalonikawa 5:17, inda aka umarci masu bi da kada addu'arsu ta yanke. In addu'a roƙo ce kawai, umarnin ya zama na naci. Abin da masu sharhi na Kirista suka fahimta tun da can shi ne zuciya ta zauna tana sane da Allah ko ana noma ko ana daka. Mai karatu da ya san kalmomin ɗariƙa zai ce, ai wannan zikiri ne. Haka ne, kalmar tana nan, tare da wuridi da halwa da tafakkuri da tawakkali, taska guda ta kalmomin rayuwar ɓoye da Hausa ta mallaka tun kafin jihadi. Hausar coci ba ta ɗebo su ba. Dalilin a fili yake, kowace ɗaya tana ɗaure da wani aiki sananne, na tasbaha ko na da'ira ko na shehi. Amma sakamakon shi ne an bar kalma ɗaya tana dakon kayan mutum biyar.

Abin sha'awa shi ne addu'a ta ɗauki kayan. A bakin Kirista mai jin Hausa yau, “lokacin addu'a” ya ƙunshi yabo da furta zunubi da godiya da yin shiru. Inda aka ga giɓin ya yi yawa, sai aka jawo “bimbini”. A Hausar yau da kullum bimbini juya abu ne a rai, sau da yawa tare da damuwa ko bin diddigi. A coci ya zama zama a natse ana tauna wata aya. Kalmar Ibrananci da ke Zabura ta fari tana nufin gunaguni a hankali, irin na mai maimaita karatu ƙasa-ƙasa, kuma “nazari” da “tunani” duk sun yi mata sanyi, domin su aikin ƙwaƙwalwa ne. Bimbini ya fi kusa, saboda yana da wannan maimaici na abin da ya ƙi barin mutum.

“Sujada” kuwa labarinta dabam ne. Wanda ya fara jin “sujadar safe” a bakin maƙwabcinsa yakan yi mamaki, ganin mutane ne a kan benci suna waƙa, ba wanda goshinsa ya taɓa ƙasa. Duk da haka ba kuskuren fassara ba ne. Kalmomin asali, na Ibrananci da na Girkanci, dukkansu faɗuwa ƙasa suke nufi a gaban wanda ya fi ka. Masu fassara sun ba da daidai abin da ke rubuce. Al'adar zaman coci da aka kawo daga Turai ce ta raba kalmar da jikin mutum, ta bar ta a matsayin sunan taro.

Masu riya ko munafukai

A Matiyu sura ta 6 an yi gargaɗi a kan mutanen da ke ba da sadaka da addu'a da azumi don a gan su, aka kuma umarci mai addu'a ya shige ɗaki na can ciki ya rufe ƙofa. Nan ne tushen koyarwar Kirista game da ibadar ɓoye, saboda haka sunan da aka ba waɗannan mutane ba ƙaramin abu ba ne. Kalmar Girkancin asalinta ɗan wasan kwaikwayo ne, mai sa fuskar da ba tasa ba a gaban 'yan kallo. Fassarar 1932 ta kira su “masu riya”. Ta 1979 ta ce “munafukai”.

A nan tsohuwar ta fi. Riya ita ce yin ibada don idon mutane, ba ƙari ba ragi, kuma duk wanda ya taɓa zama a wurin wa'azi ya san ta a matsayin ɓarawon lada. Munafunci kuwa, ko da yake a ilmin addini yana nufin ɓoye kafirci a bayyana imani, a bakin jama'a ya gangara ya zama kai gulma da haɗa faɗa da cin amana. In aka ce wance munafuka ce, ba wanda zai kawo tsawon addu'arta a ransa, abin da za a tuna shi ne maganar da ta kwasa daga wannan ɗaki ta kai wancan. Mai yiwuwa masu fassarar 1979 sun ga riya ta yi wa masu karatunsu na Filato da Adamawa nisa, suka ɗauki wadda kowa ya sani. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai sauƙin da aka samu ya juya gargaɗin daga kan mai ibada, wanda shi ake nufi, ya mai da shi kan wani mugun maƙwabci da kowa ke iya nunawa da yatsa.

Sassan cikin mutum

Bahaushe bai tara abin da ke cikinsa a wuri ɗaya ba. Murna da baƙin ciki a ciki suke, shi ya sa ake cewa farin ciki. Ɓaci da so a rai suke. Natsuwa da tashi na hankali ne. Zuciya kuwa ita ce mai saƙa da mai raya wa mutum abu, kuma ita ce fushi, kamar a “ya yi zuciya”, ita ce kuma kwaɗayi, kamar a “son zuciya”. Akwai kurwa, wadda maye ke kamawa. Wannan rabo ya ba masu fassara dama a wani wuri, ya ɗaure musu hannu a wani.

Inda suka ci riba shi ne “rai”. A Markus 8:35-36 kalma ɗaya ta Girkanci tana nufin numfashin da ake iya rasawa a hannun masu kisa, tana kuma nufin ainihin mutum da ake iya hasara ko da an mallaki duniya. Fassarorin Ingilishi da dama sai da suka raba ta biyu. Rai ya ɗauki duka biyun ba tare da wahala ba, domin mai rai shi ne wanda bai mutu ba, kuma rai ne ke ɓaci. Ba a bukaci kurwa ba, kuma gara da aka bar ta, don da ta jawo maita cikin zancen.

Inda hannunsu ya ɗaure kuwa ya fi ban tausayi. A Ibrananci da Girkanci kalmar da ke nufin ruhu ita ce kuma ke nufin iska mai busawa, kuma Yahaya 3:8 an gina ta ne kacokan a kan wannan tagwayen ma'ana: abu ne da ake jin motsinsa ba a ganin inda ya fito. Hausa kuwa tana da kalma mai wannan fuska biyu. Iska ita ce ke kaɗa ganye, iskoki kuma su ne ke hawa 'yan bori. Ga kalma ta faɗo daidai, amma ba ta taɓuwa. Ba mai fassarar da zai kira Ruhu Mai Tsarki da sunan da ake kiran Sarkin Rafi da Inna, balle ga “ɗan iska” da “iskanci” suna jira a bakin ƙofa. Dole aka koma ga “ruhu” na Larabci, wasan kalmar ya mutu, sai mai wa'azi ya yi bayaninsa da baki.

Sai “lamiri”, wadda ya kamata ta ba malaman nahawu dariya. Mu a aji mun san lamiri a matsayin ɗan ƙaramin abin nan da ke tsayawa a madadin suna. A coci kuwa lamiri shi ne shaidan nan na ciki da ke tuhumar mutum ko ya wanke shi, wanda Bulus ya yi ta ambata a Romawa da Korintiyawa. Ba wanda ya yi kuskure a cikinmu. Kalmar Larabci da ta haifi lamiri tana da ma'anonin nan biyu, domin asalinta abin da aka ɓoye ne, kuma ita ce fassarar Larabci ta Van Dyck ta 1865 ta yi amfani da ita a waɗannan wurare. Lura kuma da siffarta. Harafin Larabcin da ke farkonta ya zama “l”, kamar yadda ya zama a alƙali da alwala da lalura da farilla, har da tawali'u. Wato da lafazin zaure kalmar ta shiga coci, ba da na littafin Turawa ba. Abin da za a iya tuhumar masu fassara da shi shi ne, Bahaushen kasuwa ba ya cewa lamirinsa ya dame shi. Cewa yake zuciyarsa ba ta ba shi ba, ko ransa bai kwanta ba. Amma da yake zuciya ita ce kuma mai son zuciya, ba a iya ba ta kujerar alƙali. Ina ganin lamiri na cikin kalmomin da coci ta raya wa Hausa, kuma yau ana jin ta da wannan ma'ana har a bakin 'yan jarida.

Hali zanen dutse

A 1974 aka buga laccar A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki, inda ya kawo siffofi goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A Galatiyawa 5:22-23 kuma akwai siffofi tara da aka ce Ruhu ne ke haifar da su a cikin mai bi. Jera su gefe da gefe yana koyar da abubuwa da yawa game da fassarorin biyu.

Haƙuri ne ya fi fitowa a inda suka haɗu. Fassarar 1932 ta ce “tsawon jimrewa”, wanda bin kalmar asali ne gaɓa da gaɓa, ko kuma bin tsohuwar fassarar Ingilishi da ta yi haka. Ba Bahaushen da ya taɓa yabon wani da tsawon jimrewa. Ta 1979 ta ce “haƙuri”, ta huta. Ga wanda zai ce haƙurin Bahaushe ya haɗa da sallamawa ga ƙaddara, alhali ana nufin jinkirin fushi ga wanda ya yi maka laifi, amsa ita ce haƙuri ya ƙunshi wannan ma, shi ya sa ake ba wanda aka ɓata wa haƙuri. Haka nan inda tsohuwar ta ce “nasiha”, wadda kunnen yau ke ji a matsayin gargaɗi da shawara, sabuwar ta ce “kirki”. Nan ma ta gyara.

Abin da babu a cikin taran shi ne kunya, kuma rashinta ba haɗari ba ne. Siffofin Kirk-Greene galibinsu a gaban mutane ake yin su. Kunya da ladabi da mutunci da karamci duk suna bukatar wani ya kasance a wurin, suruki ko baƙo ko babba. Jama'a ce ke ba da shaidar kirki, shi ya sa ake tambayar unguwa kafin a ba da aure. Jerin Galatiyawa kuwa ya sa farin ciki da salama a cikin hali, abubuwan da a Hausa yanayi ne da ke zuwa ya wuce, ba a yabon mutum da su. An kuma kira su da sunan abin da itace ke haifarwa, wato daga ciki suke tsirowa. Tsohuwar fassara ta riƙe wannan hoto da kalmar “ɗiya”, wadda Hausar yamma ce, mutumin Kano kuwa 'ya mace zai fara kawowa a ransa. Sabuwar ta ce “albarka”, ta sami daɗin ji, ta rage hoton itacen, ko da yake manomi yana kiran abin da gonarsa ta ba shi albarka.

A ƙarƙashin wannan duka akwai karo na gaske tsakanin koyarwar da karin maganar Hausa. Mun ce hali zanen dutse, mun ce mai hali ba ya fasa halinsa, mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Koyarwar Sabon Alkawari kuwa ta tsaya ne a kan cewa ana sāke mutum, har ta kira abin sabuwar haihuwa. Kalmar da ta zama gada ita ce “tuba”. Ta Girkancin sauyin tunani take nufi, ta Ibranancin juyowa, ta Larabcin da Hausa ta ara ita ma komowa ce, saboda haka zaɓin ya zauna daram. Illarta ɗaya ce, ta amfani. A bakin masu bishara “ya tuba” ya zama “ya shiga addinin”, har ana cewa sababbin tuba, kamar yadda Musulmi ke cewa tubabbe. In tuba ta zama ƙofar da ake shiga sau ɗaya, to me za a kira abin da tsohon mai bi ke yi kowace safiya?

Babban tuntuɓen fassarar 1979, a ganina, yana nan kusa. Bulus yana da kalma da yake kiran ɓangaren mutum mai gaba da Ruhu, wadda asalinta nama ne, tsokar jiki. Ta 1932 ta ce “jiki”. Haɗarin wannan shi ne mai karatu ya zaci fata da ƙashi ne abin zargi, alhali a cikin ayyukan da aka lissafa akwai hassada da jayayya da tsattsaguwa, waɗanda ba na gaɓoɓi ba ne. Don gudun haka ta 1979 ta ce “halin mutuntaka”. An gudu daga ruwa an faɗa wuta. Mutuntaka 'yar'uwar mutunci ce, tushensu ɗaya. In aka ce wane ba shi da mutuntaka, zagi ne. Yanzu ga littafi yana cewa fasikanci da maye da hassada su ne aikin halin mutuntaka. Wanda ya tashi a coci ya saba, ba ya jin kome. Bahaushen da ya buɗe littafin karo na farko kuwa zai ga an ɗauki kalmar yabo an rataya mata laifuffuka. Ga “son zuciya” a kusa, wadda kowa ya sani, kuma ita ce malamai suka daɗe suna fassara makamancin wannan ra'ayi da ita.

Bangaskiya, alheri, bege

“Bangaskiya” gini ne na Hausa tsantsa, irin na ban kwana da ban tsoro da ban ruwa, wato ba da gaskiya. An bar “imani” aka ɗauke ta, kuma ta yi kyau, domin ba mutum gaskiya ya wuce yarda da labari, ya haɗa da dogara gare shi. “Alheri” ma ya zauna, tun da shi ne abin da aka yi maka ba don kana bin bashi ba. Sai dai karin maganarmu ta fi kallonsa daga wajen mai yi: alheri gadon barci, alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wato jari ne da ke komowa. Koyarwar Bulus daga wajen mai karɓa take kallonsa, wanda ba shi da abin biya. Kalmar ba ta hana wannan fahimta ba, amma ba ta kawo ta da kanta.

“Bege” ita ce ta fi jawo gardama a ajin Hausa. Ɗalibi daga Kafanchan ko Langtang zai rubuta cewa manoma suna da begen samun amfani bana, malami ya ja jan layi, domin a wurinsa bege shi ne ƙunar zuciya ga wanda ba ya nan, na masoyi ko na mai yabon Annabi, har muna da waƙoƙin bege da mabegiya a kansa. Ɗalibin bai ƙirƙiro ba. Fassarar 1932 ce ta aza bege a kan abu na biyu cikin ukun nan na 1 Korintiyawa 13:13, tsakanin bangaskiya da ƙauna, kuma daga nan ya bazu cikin waƙoƙi da wa'azi har ya zama sunan yanka. Masu fassarar 1979 sun ga matsalar suka koma ga “sa zuciya”. Ta fuskar ma'anar yau da kullum sun fi daidai, don sa zuciya shi ne jiran abin da ake tsammani. Amma jama'a ba su bi su ba, bege yana nan a bakinsu. Kuma in an duba da kyau, ba a rasa dalili ba. Sa zuciya ana yin sa ga albashi da ga tuwon dare. Abin da ayoyin ke nufi jira ne na wanda ake ƙauna ba a gan shi ba tukuna, kuma Hausa ba ta da kalmar da ta fi bege sanin wannan. Mai jan layi yana da ikon ya ce ba a yin begen dawa da gero. Amma ya kamata ya san ma'anar tana da shekara fiye da casa'in a rubuce, kuma mai tsara ƙamus da ya tsallake ta ya bar wani yanki na masu harshen a waje.

Saura kalma ɗaya da ba fassara ce ta kawo wuyarta ba. Addu'ar da Kirista ke kira ta Ubangiji tana buɗewa da kiran Allah uba, kuma a wurare uku na Sabon Alkawari an bar kalmar Aramaic “Abba” yadda take. A nan ne addinan biyu suka rabu a fili, ba kuwa aikin mai nazarin harshe ba ne ya sulhunta su. Abin da ke namu shi ne mu lura cewa “Ubangiji”, wadda Musulmi da Kirista duka ke amfani da ita ba gardama, uban giji ce, wato uban gida, mai mallaka da iko. Hausa ta riga ta ɗauki uba ta kai shi can, amma ta fuskar mulki. Fuskar kusanci ce baƙuwa, domin a gidan Bahaushe na gargajiya uba ba abokin hira ba ne. Ana durƙusa masa, ba a haɗa ido da shi, ɗan fari ma akwai kunya tsakaninsu har uban ba ya kiran sunansa. Masu wa'azi sukan ce Abba kira ne na ɗa da ya saki jiki da mahaifinsa. Bahaushe kuwa ya san Abba a matsayin laƙabin yaron da aka sa wa sunan kakansa, wanda iyayensa ke kira haka don kada su ambaci sunan babba. Kalmar da ake kawowa a matsayin shaidar sakin jiki, a Kano ta alkunya ce.